Ƙudurin Motsa Jiki: Yadda Ma'aikaci Zai Riƙe Alkawarin Janairu Har Ƙarshen Shekara

A makonnin farko na kowace shekara, duk wanda ya bi ta gefen Tafkin Jabi ko harabar Filin Wasa na Moshood Abiola da sanyin safiyar Asabar zai ga sababbin fuskoki a cikin masu tattaki da sassarfa. Ana gane su da farin takalmin da ƙura ba ta kama ba tukuna, da kuma hanzarin da suke tafiya da shi. Da yawansu ma'aikata ne da suka dawo daga hutun ƙarshen shekara da niyyar cewa bana za a rage tumbi, a sauko da hawan jini, a daina haki idan an hau bene. Kafin watan Maris ya kama, galibin waɗannan fuskoki sun ɓace, an bar tsofaffin 'yan hannu da suka saba fitowa ko da hazo ko da ruwa.

Wannan hali bai tsaya ga mazauna Abuja ba. A ƙarshen shekarun 1980, wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton da ke Amurka, John Norcross, ya bi diddigin mutum 200 da suka ɗauki ƙudurin sabuwar shekara iri daban-daban, kamar barin taba da rage ƙiba. Bayan mako guda, kashi 77 cikin 100 suna nan a kan bakansu. Bayan shekara biyu, kashi 19 ne suka rage. Sai dai wani binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 ya nuna ɗaya fuskar al'amarin: bayan wata shida, kashi 46 na waɗanda suka ɗauki ƙuduri sun cim ma abin da suka sa a gaba, alhali kashi 4 kacal ne suka dace a cikin masu sha'awar canji da ba su ɗaura wa kansu alkawari ba. Ke nan ɗaukar ƙudurin yana da amfani. Abin da ya rage a bincika shi ne abin da ke kashe shi, da dabarun da ke raya shi.

Abin da kujera take ci a jikin ma'aikaci

A shekarar 1953, wani likita a Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta suna aiki a mota ɗaya, na tsawon sa'o'i ɗaya. Bambancinsu shi ne direba yana zaune kusan duk lokacin aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakalar motar wajen karɓar kuɗi, ɗaruruwan matakai a kowace rana. Morris ya gano cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kisa. Ya sake ganin haka a gidan waya, inda masu raba wasiƙu a ƙafa ko a keke suka fi abokan aikinsu masu zaman teburi tsira daga cutar.

Bayan shekara ashirin, a 1973, Morris ya fitar da wani binciken da ya fi kusa da mai karanta wannan shafi. Ya duba ma'aikatan gwamnatin Birtaniya maza kusan 17,000, masu shekara 40 zuwa 64, waɗanda duk aikinsu na ofis ne. Waɗanda ke motsa jiki sosai a lokacin hutunsu, ta hanyar ninƙaya ko tafiya da sauri ko aikin lambu mai nauyi, haɗarin kamuwarsu da ciwon zuciya bai kai rabin na sauran ba. Shi kansa Morris ya riƙe wannan ɗabi'a har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Mu auna wannan da ranar ma'aikacin tarayya. Wanda ke zaune a Mararaba ko Nyanya ko Kubwa ko Suleja yakan baro gida tun kafin gari ya waye domin tsere wa cunkoso. Ya zauna a mota sa'a ɗaya ko biyu, ya zauna a ofis daga takwas zuwa huɗu, idan akwai taro ya zauna a ɗakin taro ga lemon kwalba da soye-soye a gabansa, sannan ya sake zama a mota har gida. Idan aka haɗa, zaman yakan kai sa'a goma ko fiye. A wannan lissafi, ma'aikacin ofis direban Morris ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ya kamata. A Najeriya kuma, ƙiyasin masana ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da ya kayar da su. Motsa jiki a kai a kai yana sauko da awon mai hawan jini da kimanin maki 5 zuwa 8. Game da ciwon suga, wani babban gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa motsa jiki na minti 150 a mako tare da gyara abinci da rage kaɗan daga nauyin jiki ya rage kamuwa da cutar da kashi 58. Waɗanda aka ba maganin metformin kuwa, kashi 31 ya rage musu.

Inda zafin farko yake hucewa

Kuskuren da ya fi kashe ƙuduri shi ne farawa da ƙarfi. Mutumin da ya shekara goma bai yi gudu ba sai ya fita ranar farko ya zaga fili sau biyar, washegari ya tashi cinyoyi sun yi tsami, gwiwa ta kumbura, hawa bene ya zama azaba. Tsamin tsoka yakan tsananta a kwana na biyu ko na uku, daidai lokacin da ya kamata a sake fita. Daga nan zuciya ta haɗa motsa jiki da wahala, ta fara neman uzuri. Sauri ya haifi nawa.

Kuskure na biyu shi ne zaton kuɗi za su tilasta wa mutum. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun duba bayanan mutum fiye da 7,000 a gidajen motsa jiki uku a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2006. Masu biyan kuɗin wata-wata, sama da dala 70, ba su wuce zuwa sau huɗu da ɗoriya a wata ba. Kowane zuwa ya tsaya musu a kan fiye da dala 17, alhali akwai tikitin da za su iya saya a kan dala 10 ga kowane zuwa. Sun biya kuɗi ne bisa yadda suke fatan za su kasance. Ga ma'aikacin da albashinsa ke kokawa da kuɗin mota da na makarantar yara tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darasin a fili yake: a fara gina ɗabi'ar a inda ba a biyan ko kwabo, idan ta kafu sai a yi tunanin rajista.

Kuskure na uku shi ne ɗora dukkan buri a kan sikeli. Tafiya da sauri ta minti talatin tana ƙona kimanin kalori 150 a jikin mai matsakaicin nauyi, wato daidai abin da ke cikin kwalbar lemo guda. Saboda haka motsa jiki shi kaɗai, ba tare da gyara abinci ba, ba ya rage nauyi da sauri. Wanda ya yi wata guda yana fita, ya hau sikeli ya ga allura ba ta gusa ba, sai ya ce aikin banza yake yi, alhali a cikin watan nan barcinsa ya gyaru, numfashinsa ya ƙaru, jikinsa ya fi iya sarrafa suga. Sikeli ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kwana nawa ɗabi'a take ɗauka kafin ta zauna?

An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa a kafa sabuwar ɗabi'a. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a wata jami'a a Landan, wanda aka fitar a 2009, ya nuna al'amarin ya wuce haka. Mutum 96 suka zaɓi wani sabon abu da za su riƙa yi kullum, kamar shan ruwa lokacin cin abincin rana ko gudu kafin abincin dare. Matsakaicin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66. Wasu a kwana 18 suka kai, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai kwana 254, kuma ɗabi'un motsa jiki sun fi na ci da sha jinkirin zama.

Wanda ya fara ranar 1 ga Janairu, kwana 66 za su kai shi makon farko na Maris. Ke nan mafi yawan masu ajiye takalmi a Fabrairu suna ajiye shi ne a tsakiyar hanya, lokacin da ɗokin farko ya ƙare amma sabo bai zo ya karɓe shi ba. Idan mutum ya san cewa wannan kasala ta mako na biyar ko na shida tana samun kusan kowa, ba zai yanke wa kansa hukuncin ragwanci ba.

Binciken ya gano wani abu mai kwantar da hankali: tsallake rana ɗaya bai ɓata kafuwar ɗabi'ar ba. Abin da ke ɓata ta shi ne tunanin da ke biyo baya, cewa tunda an fasa yau, makon ya lalace, a bari sai wata mai zuwa. Ƙa'ida mai sauƙi da za a iya riƙewa ita ce kada a yarda a tsallake sau biyu a jere.

A sa rana, a sa lokaci, a sa wuri

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin makomar takardar da aka rubuta wa “a duba” ba tare da sunan mai dubawa ko ranar dawowa da ita ba. Haka ƙudurin “zan riƙa motsa jiki” yake.

A 2002, wasu masu bincike a Birtaniya, Sarah Milne da Sheina Orbell da Paschal Sheeran, sun kasa ɗalibai 248 kashi uku. Kashi na farko an ce kawai su rubuta sau nawa suka motsa jiki. Na biyu an ƙara musu da bayani a kan haɗarin ciwon zuciya da amfanin motsa jiki. Na uku sun sami wannan bayani, sannan aka sa kowa ya rubuta ranar da zai fita, da lokacin, da wurin. A kashi na farko, 38 cikin 100 ne suka motsa jiki aƙalla sau ɗaya a makon. A na biyu, waɗanda suka sha wa'azi, 35 ne. A na uku, 91.

Hikimar ita ce, wanda ya ƙayyade lokaci da wuri ya gama yanke shawara tun da wuri, ba sai ya sake muhawara da zuciyarsa da asuba ko bayan tashi daga aiki ba. Ya fi kyau kuma a jingina sabon abu da tsohon da ya riga ya zauna daram, kamar bayan sallar asuba, ko da zarar an ajiye yara a makaranta, ko kafin a tayar da mota da yamma.

Minti 150 a cikin makon ma'aikaci

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babban mutum yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda mutum zai iya magana yana yinsa amma ba zai iya rera waƙa ba. Ƙa'idar ta kuma cire tsohon sharaɗin cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi. Minti uku na hawa bene ma yana shiga lissafi.

Minti 150 shi ne rabin sa'a a kowace ranar aiki, kuma ana iya tsinka shi gida uku. Mai shiga motar haya zai iya sauka tasha ɗaya kafin ofis ya ƙarasa a ƙafa. A lokacin hutun rana, zagayen harabar Sakatariyar Tarayya ko ta ma'aikata na minti goma ya samu. Fayil ɗin da za a aika masinja da shi hawa na uku, mutum ya kai da kansa ta matakala. Da yamma kuma, wanda ya san zai shafe sa'a biyu a cunkoson hanyar Nyanya idan ya tashi ƙarfe huɗu, zai iya yin tattakin minti talatin a kusa da ofis kafin ya kama hanya. Takalmin tafiya guda a ƙarƙashin teburi ko a bayan mota ya isa kayan aiki.

Kada adadin taku 10,000 da wayoyi ke nunawa ya karya wa kowa gwiwa. Asalinsa sunan wata na'urar ƙidaya taku ce da aka fara sayarwa a Japan a 1965. Wani bincike da I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta jagoranta a 2019, a kan mata tsofaffi fiye da 16,000, ya nuna cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mace-mace, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Abin da ya dace shi ne mutum ya duba abin da yake yi yanzu, ya ƙara taku 1,000 ko 2,000 a kai.

Ƙarfafa tsoka ma ba ya buƙatar ƙarfe. Tashi da zama a kan kujera sau goma sha biyu ba tare da dafa hannu ba, da dogara tafin hannu a bango ana turawa, da ɗaga galan mai ruwa, duk sun wadatar ga mai farawa.

Ga waɗanda lokacinsu ba nasu ba ne

Hadimin minista ko na ɗan majalisa ko na babban sakatare ba shi da ikon cewa ƙarfe biyar zai tashi. Taro kan kai dare, tafiya kan taso ba shiri. Irin wannan ma'aikaci yana buƙatar tsari biyu, babba da ƙarami. Babban shi ne na ranakun da komai ya tafi daidai. Ƙaramin shi ne minti goma da ba za a rasa ba ko yaya rana ta kasance: zagaya farfajiya yayin jiran oga ya fito daga ganawa, ko kai-komo a zauren jiran jirgi, ko hawa matakalar otal. A tsara shi tun kafin buƙatarsa ta taso, a ce idan taro ya wuce ƙarfe bakwai, to ga abin da za a yi. Amfanin ƙaramin tsari shi ne hana igiyar sabo tsinkewa.

Mace ma'aikaciya kuwa sau da yawa tana tashi daga aikin ofis ne ta tarar da na gida. Wata kuma ba ta sakewa da motsa jiki a bainar jama'a. Tsakar gida ko falo sun isa wurin igiyar tsalle da atisaye, sannan tattaki tare da maƙwabta mata a cikin unguwa yana ba da sakewa da tsaro. A nan maigida yana da rawar takawa, domin rabin sa'ar da zai riƙe yara ita ce za ta ba matarsa damar fita.

Abokin tafiya da abin jan hankali

Mutum yakan saɓa alkawarin da ya yi wa kansa cikin sauƙi, amma yana jin nauyin barin wani tsaye a bakin ƙofa yana jiransa. Abokin tafiya ɗaya ko biyu, masu ƙarfi daidai da naka, sun fi babban rukuni a WhatsApp da kowa ke turo hoto ba wanda ke fitowa. Ma'aikatu da dama suna da ƙungiyoyin wasanni da ke shiga gasar wasannin ma'aikatan gwamnati ta FEPSGA, kuma tambaya ɗaya a ofis za ta iya haɗa mutum da su.

Katherine Milkman ta Jami'ar Pennsylvania ta gwada wata dabara da aka wallafa a 2014. An ba wasu mutane labarai masu jan hankali da aka naɗa a murya, amma ba su da damar sauraro sai a gidan motsa jiki. Da farko zuwansu ya fi na sauran da kimanin rabi. Mai son wani shirin rediyo ko karatu ko sharhin ƙwallo zai iya keɓe shi ga lokacin tattaki kawai. Sai dai a binciken, tasirin ya ragu bayan da hutu ya katse zuwan mutanen. Saboda haka duk wanda zai tafi gida hutun Sallah ko Kirsimeti, ya sa ranar da zai koma fita tun kafin ya bar Abuja. Milkman da abokan aikinta sun kuma gano cewa mutane sukan ƙara himma a farkon mako da farkon wata da bayan ranar haihuwarsu. Wanda Janairu ya kufce masa, Litinin mai zuwa ma mafari ce.

Yanayi, da abin da za a kiyaye

Shekarar Abuja tana da nata tarnaƙi, kuma duk an san lokacin zuwansu. Janairu na zuwa da hazo da ƙura, don haka mai asma ya fi dacewa ya yi atisayensa a cikin gida a ranakun da ƙura ta yi kauri. A Maris da Afrilu zafi kan haura maki 35, sai a koma fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a yawaita shan ruwa. Mai azumi zai iya rage nauyin atisaye, ya mayar da shi gab da buɗa-baki ko bayan an ci abinci an huta. Da damina kuma, matakalar bene da baranda suna maye gurbin titi. Mai fita da duhu ya sa tufafi masu haske, ya fuskanci motocin da ke tahowa, ya guji wuraren da babu jama'a.

Wanda yake da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, ko ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa ba, ya ga likita kafin ya shiga atisaye mai tsanani. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi da ta wuce misali, alamu ne na a tsaya nan take a nemi asibiti. Motsa jiki yana taimaka wa magani, amma babu wanda ya kamata ya ajiye maganinsa sai da izinin likita.

Dokar aiki ta ce ma'aikaci zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Ana cire masa kuɗin fansho kowane wata domin wannan rana, amma jikin da zai ci fanshon babu mai yi masa tanadi sai shi. Wannan tanadi ma kaɗan-kaɗan ake zuba shi, kuma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Matakin farko bai fi minti biyu ba: mai karatu ya buɗe kalandar wayarsa, ya zaɓi kwana uku a mako mai zuwa, ya rubuta lokaci da wuri a gaban kowace rana, sannan ya kira wanda za su fita tare.